Dutsen Baba a Bayan Akori-kura

Ranar Laraba da sassafe mai babbar motar ya kira ni ya ce ya fasa.

"Ausi Nthatisi, 'yar'uwata, ki yi haƙuri. Ba ki ji rediyo ba? Dusar ƙanƙara za ta sauka a kan duwatsu ranar Juma'a da azahar. Motata ba ta hawan dutsen Moteng a irin wannan hali. Ina da 'ya'ya."

"Ni ma ai ina da uba, Ntate!" na ce, don haka muke kiran kowane magidanci. "Dutsen kabarinsa ka yi alkawarin kai mana!"

Ƙit, ya kashe waya.

Shekara guda ke nan da rasuwar Baba. Ranar Asabar da hantsi za a buɗe dutsen kabarinsa a ƙauyenmu, can gaba da Mapholaneng. An ware saniyar yanka, dangi sun taso tun daga Welkom, magini ya gama gindi yana jira. Dole dutsen ya isa ranar Juma'a kafin rana ta faɗi, a kafa shi, a lulluɓe da farin ƙyalle. Ga shi kuwa kwance a wurin masu sassaƙa a Maseru, nauyinsa ya fi na maza biyar. Mahaifiyarmu ba ta roƙe mu komai ba tun da aka binne Baba sai wannan. Ko dariya ba ta ƙara yi ba.

Na kira direbobi huɗu. Duk wanda ya ji sunan yankinmu, "Mokhotlong", da "Juma'a" sai ya tuna yana da biki.

Shekara takwas ina jan tasin wani a Maseru ina tara abin sayen tawa motar. Na sa wa raina watan Satumba, in sanyi ya wuce. Na dubi agogo, na ce to, Satumba ta zo yau. Na kira yayana Makalo a bankin da yake aiki, na kira Malome Phallang, ƙanen mahaifiyarmu, tsohon makanike wanda ya yi shekara arba'in a ƙarƙashin motoci kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan.

Kafin ƙarfe tara muna filin masu sayar da motocin da aka shigo da su ta Durban. Malome ya zo a naɗe cikin bargonsa mai zanen zangarniyar masara, wanda Baba ya ba shi kyauta da daɗewa. Makalo kuwa ya zo cikin kwat da takalmi mai tsini.

"Ga ta can!" in ji Makalo. "Nthatisi, dubi wannan! Mu shiga ƙauye da wannan ai sai an yi guɗa."

Wata baƙar jif ce, sai sheƙi take, kujerun fata, har da talabijin a gaba. Dillalin ya taho da gudu yana murza hannu.

"Ntate, ka iya zaɓe! Wata tsohuwa ce ke hawanta a Japan, coci kawai take zuwa da ita."

"Cocin nata a cikin teku yake?" Malome ya tambaya. Ya riga ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashinta. Ya sa yatsa ya danna ƙarfen, jar tsatsa ta zubo kamar garin barkono.

"Ƙura ce kawai, Ntate."

Malome bai kula shi ba. Ya miƙe ya ce da ni, "'Yar yayata, dubi filin nan. Me kika gani a kan motocin?"

Na duba. Kowace mota ta yi fari fat da raɓar da ta daskare a kanta tun dare. Sai jif ɗin kaɗai, murfin injinta a bushe ƙayau. Na ɗora tafin hannu. Da ɗumi.

"Ka tayar da ita kafin mu zo," na ce da dillalin.

"Don in wanke ta ne, Ausi."

"Don kar mu ji tarinta ne," in ji Malome. "Motar da za ta je duwatsu, a sanyi ake gaisawa da ita. Da ɗumi kowace mota mutuniyar kirki ce." Ya ɗaga murfin, ya nuna robar ruwan lagireto. Ruwan famfo ne zalla, ya yi ja. "Wannan ruwan, dare ɗaya a Oxbow, can kan duwatsu, ya daskare ya zama dutse ya tsaga injin gida biyu." Ya zaro ashana ya cusa kanta cikin zanen taya, kan ashanar ko ɓuya bai yi ba. "Tayar ma ta fi kaina sanƙo."

"Malome, ai ana canza taya," in ji Makalo.

"Ana canza ɗan'uwa ma? Da na canza ka. Mu tafi."

Dillalin ya bi mu har bakin titi yana rage farashi, Makalo na waiwaye kamar an raba shi da budurwa.

Wani abokin aikina ne ya ba ni labarin 'M'e Limakatso a Teyateyaneng, wata dattijuwa mai gidan burodi, wadda ta yi shekara goma sha biyar tana kai burodi duwatsu da kanta, yanzu gwiwa ta hana ta taka kuloci. Muka same ta da gari har gwiwar hannu. Ta kai mu bayan gida, ta yaye tanti.

Makalo ya kama ƙugu. "A wannan za a ɗauki Baba?"

Akori-kura ce mai shan dizal. Da fara ce, yanzu launinta na tsohon haƙori. Ƙofar hagu shuɗiya, daga wata motar aka ciro. Ƙamshin burodi bai bar cikinta ba.

"Ɗana," in ji 'M'e Limakatso, tana kallon takalminsa, "motar nan ta hau dutsen Tlaeeng sau ɗari bakwai. Takalminka sau nawa?"

Na taɓa murfin injin. Sanyi ƙarara, har tafina ya yi zafi.

"Kwana huɗu ba a taɓa ta ba," ta ce, ta miƙo min makulli. "Ki murɗa rabi, ki jira 'yar wutar nan mai kama da igiya ta mutu, sannan ki tayar. Ba ta son gaggawa, kamar ni."

Na murɗa, na jira, na ƙara murɗawa. Bugu ɗaya ta ɗauka! Ta yi ɗan farin hayaƙi, kafin in ƙirga goma ya washe, injin ya zauna yana gurnani a hankali. Na fara murmushi. Malome ya yi min ido wai kar in nuna murna, amma gashin bakinsa sai rawa yake.

Kafin injin ya ɗau zafi ya sa na kashe. Ya buɗe lagireto, ruwan kore shar, alamar akwai maganin hana daskarewa. Ya tsoma yatsa ya ɗora a harshe ya tofar.

"Malome! Guba ce fa!"

"Shekara arba'in ina lasa ban mutu ba. Da zaƙi, ba ta yi masa algus da ruwa ba." Ya ciro sandar baƙin mai ya duba, ya leƙa murfin man ko akwai farin kumfa, babu. Ashana ta nutse cikin zanen kowace taya har wuya. Ya sa na kunna abin ɗumama ciki, iska mai zafi ta bugi gilashin gaba. Sannan muka fita da ita wani gangaren laka a bayan gari, na sa ƙaramar giya mai jan tayoyi huɗu, ta hau kamar akuya.

Da muka dawo sai Malome ya shiga neman aibu don ciniki. Ya turo kujera gaba, ya ja wani buhun fulawa da ke bayanta. Ƙarafa suka yi ƙara.

"Wannan tarkacen fa? Ki kwashe kayanki, 'M'e, ba bola muka zo saya ba."

Na kwance bakin buhun. Sarƙoƙi biyu da ake ɗaura wa taya don kar ta zame a ƙanƙara, an shafe su da mai. Ƙaramin shebur. Igiya. Sifana guda uku a naɗe cikin tsumma. Kyandir da ashana a cikin gwangwani. Da bel ɗin fanka, sabo fil, a cikin kwalinsa.

Sai na tuna Baba. Shi ma direba ne, kuma duk motar da zai shiga sai ya leƙa bayan kujera. Ya kan ce a nan ake sanin mai mota.

"A bar shi," na ce. "Da buhun nake so. 'M'e, na saya."

"Ke! Ba a gama ciniki ba!" in ji Malome.

"An gama," in ji 'M'e Limakatso. Ta ƙara mana da burodi uku masu zafi, ta shafa ƙofar nan shuɗiya, ta juya da sauri ta shige gida.

Takardu suka cinye mana safiyar Alhamis. Da rana maza shida suka ɗora dutsen, Malome na tsaye yana ba da umarni: a shimfiɗa tsofaffin tayoyi, a kwantar da shi daidai kan tayoyin baya, kar ya matsa gaba ko baya, a ɗaure da igiya ta kusurwa huɗu. A Butha-Buthe ya sa na cika tanki har baki, wai rabin tanki gumi yake tarawa, gumin ya daskare ya toshe hanyar mai. Rana na shirin faɗuwa muka isa gindin Moteng, gidan wata 'yar'uwar mahaifiyarmu. Babu mai hankalin da zai hau wannan dutse da yamma a watan Yuli, tsakiyar hunturunmu. Muka ce da asuba.

Na tsaya a tsakar gida, na kai hannu zan ja birkin hannu, Malome ya doke min hannu.

"Kina so ki tashi ki tarar ya manne? Bar ta a giya. Makalo, sa dutse a bayan taya. Dutsen ƙasa nake nufi, ba na babanka ba."

Sannan ya cire ƙaton fil ɗin bargonsa, ya buɗe murfin injin, ya lulluɓe injin da bargon, har yana cusa gefe-gefe kamar mai kwantar da jariri. Haka mutanen duwatsu ke yi don kar injin ya daskare da dare, ba wanda ya yi mamaki. Ni dai na ciro ɗankwalina zan ɗaura a sitiyari don tuni.

"Mene ne wannan?"

"Don kar mu manta, Malome."

"Ni? Ni zan manta? Ɗaura abinki a kanki, sanyi zai kama miki kunne. Shekara arba'in!"

Na mayar da ɗankwalina.

Gari na fara wayewa muna shan kunu mai tsami a tsaye, sai rediyon gidan ya ce iskar ta yi sauri, dusar ba za ta jira azahar ba, ƙarfe goma tana kan duwatsu, kuma da ta fara za a rufe hanya. Malome ya ajiye kwano, ya fito da gudu cikin wani tsohon kwat da aka ara masa.

"Ku fito! Makalo, cire dutsen! Nthatisi, tayar da ita, me kike jira? Tayar!"

Na faɗa ciki, na murɗa rabi, wuta ta mutu, na tayar.

Wani irin ƙara ya tashi, kamar an yaga tanti da ƙarfi, sai fat! Ƙaurin ulu ya cika gidan. Na kashe da sauri.

Sai Makalo ya ce a hankali, "Malome, ina bargonka?"

Muka ɗaga murfin. Fanka ta kama gefen bargon ta naɗe, ta yage kusan rabinsa, zare ya cika ko'ina. Bel ɗin ya tsinke yana reto kamar mataccen maciji. In babu shi ruwa ba zai zagaya ba, batir ba zai yi caji ba, ko lanƙwasa biyu na Moteng ba za mu sha ba injin zai dahu. Shago mafi kusa yana Butha-Buthe, kuma ba ya buɗewa sai takwas.

Malome ya zauna daɓas a kan dutsen da Makalo ya cire. "Na kashe mu," ya ce. "Da wane ido zan kalli 'yar'uwata?"

"Shekara arba'in," in ji Makalo.

"Abuti," na ce da yayana, "rufe bakinka ka ɗauko min buhun fulawar nan!"

Ya tsaya yana kallona, sai idonsa ya buɗe. Ya zura da gudu, takalminsa ya kwashe shi a kan ƙanƙara, ya tashi, ya dawo rungume da buhun.

Na duba lagireto, fanka ba ta taɓa shi ba. Na sa wuƙar girki na yanke zaren bargon guntu-guntu. Yatsuna suka mutu, aka kawo min ruwan ɗumi a kwano ina tsomawa ina ci gaba. Sifana ta biyu ta shiga notin altaneta daidai, kamar don shi aka yi ta. Na sassauta, na tura, na zura sabon bel, Makalo ya danna da ƙotar shebur ni kuma na ɗaure.

"Danna tsakiyarsa da babban yatsa," in ji Malome daga inda yake zaune, muryarsa ƙasa-ƙasa. "In ya lotsa fiye da faɗin yatsa, ki ƙara."

Na danna. "Zo ka gani da kanka, Malome. Ni ban yi shekara arba'in ba."

Ya taso, ya danna, ya gyaɗa kai. Ya tattara abin da ya rage na bargonsa ya yafa a kan kwat ɗin aro. Awa ɗaya da rabi muka yi asara.

Moteng kwana ne a kan kwana. Na sa giya ta biyu, akori-kura ta dinga nishi tana hawa, allurar zafi ba ta motsa daga tsakiya ba. Muna kaiwa sama na ga gajimaren, baƙi ƙirin daga kudu, yana tahowa kamar bango. Mun wuce Oxbow ke nan farin abu ya fara sauka a gilashi, ɗaya-ɗaya, sannan da yawa.

"Tara da rabi!" in ji Makalo. "Rediyon ma ƙarya yake!"

A gindin Mahlasela hanya ta koma fara. Na tsaya a inda ƙasa ta daidaita.

"Sarƙa," na ce.

Ban san Makalo na da wannan zuciya ba. Ya tuɓe kwat ɗin banki ya shimfiɗa a ƙasa ya kwanta a kai, Malome na gaya masa inda zai saƙala ƙugiya, yana zagin sarƙar yana zagin wanda ya ƙirƙiro duwatsu. Makalo ya taso haƙoransa na kaɗawa yana dariya. "Mu je! Mu je, direba!"

Muka hau, sarƙa na ƙara kacau-kacau. Saura kaɗan mu kai ƙoli, a wani kwana da rana ba ta taɓa leƙawa, sai ga wata ƙaramar mota ta gitta a hanya, tayoyinta na juyawa a banza. Dole na tsaya. A kan gangare, a kan ƙanƙara, ga rami a hagu wanda ban ga ƙarshensa ba. Mutanen motar suka tura ta gefe da ƙyar, suka buɗe min hanya iya faɗin motata.

Sai na ji muna zamewa baya. A hankali, amma muna tafiya.

"Kar ki danne birki!" in ji Malome. "Ƙaramar giya, ta biyu! Saki kuloci kamar kina ajiye ƙwai. Kar ki ba ta wuta!"

Na saki kaɗan. Tayoyi suka juya sau ɗaya a banza, bayan motar ya karkata wajen ramin, Makalo ya kira sunan Allah. Na ɗaga ƙafa daga totur, na bar injin ya ja da kansa. Sai na ji bayan ya zauna, nauyin dutsen ya danne tayoyin, sarƙa ta ciji ƙanƙara. Ta matsa taku ɗaya. Ta ƙara. Muka wuce ƙaramar motar har madubinmu na gogar nata.

"Baba ne!" Makalo ya yi ihu yana dukan rufin mota. "Baba ne ya danne ta! Riƙe ta, tsoho, riƙe ta!"

"Ni na ce a ɗora shi a kan tayoyin baya," in ji Malome.

"Kai kuma ka ce ba ka mantuwa!"

Muka kwashe da dariya mu uku, ina tuƙi hawaye na zuba, ban san na mene ne ba. Tlaeeng muka haye a giya ta biyu ba tare da mun ga komai ba sai sandunan gefen hanya. Gangaren kuwa injin na bari ya riƙe mu, birki sai ɗan taɓi. Daga baya muka ji an rufe hanya minti ashirin da wucewarmu ta Oxbow.

Ƙarfe uku muka shiga ƙauye. Mata suka fito suna guɗa, ba su damu da shuɗiyar ƙofa ba. Maza takwas suka sauke dutsen, magini ya tofa yawu a hannu ya kama aiki. Ko ƙwarzane babu a jikin dutsen, ga sunan Baba ɓaro-ɓaro.

Mahaifiyarmu ta fito daga ɗaki a hankali. Ta shafa sunan da yatsunta, ta daɗe. Sannan ta juyo za ta gaishe da ƙanenta, idonta ya sauka a kan bargon, rabi babu, gefen duk baƙin mai, zare na lilo.

Malome ya sunkuyar da kai. "Ausi, bari in yi miki bayani."

"Fanka?" ta tambaya.

Ya ɗago. "Wa ya gaya miki?"

Ta sa hannu ta rufe baki, kafaɗunta suka fara rawa. Sai dariyar ta ƙwace mata, har ta dafa motata don kar ta faɗi.

"Kai ma, Phallang? Shekarar da aka haifi Makalo, mai wannan dutsen haka ya yi da bargon aurenmu a Oxbow! Kwana biyu ya yi a kan hanya, don ba shi da wani bel na canji. Ya rantsar da ni kar in gaya maka, wai za ka yi masa dariya har ya mutu." Ta share ido da gefen bargonta. "Kuna tsammani don me yake leƙen bayan kujera?"

Washegari da aka yaye farin ƙyallen, Malome na tsaye a sahun gaba cikin rabin bargonsa. An ba shi aron sabo har sau uku ya ƙi karɓa.